Tawadar da ke Ƙasan Kwalba

Inna ba ta shan magani sai ta fara shafa ƙasan kwalbar da babban yatsanta. Ba magani kaɗai ba, ko lemo ne, ko man girki, ko turare aka kawo mata tsaraba, sai ta juya kwalbar ta laluba. Idan ta ji ɗan ƙullutun nan da bai fi kan ashana ba, sai ta yi murmushi ta ce, "Sannu da zuwa, Malam." Malam ɗin nan kuwa babana ne, wanda a lokacin da nake ba ku labari ya yi shekara biyu da rasuwa. Baƙi kan zaci tsufa ne ya fara taɓa ta. Ni da na san kan zancen ko ɗaga kai ba na yi, sai dai in miƙa mata cokali.

Bari in gaya muku asalin abin, kada ku ce duk gidanmu ba mu da lafiya.

Kamfanin kwalabe da nake wa aiki, yau in ka tsaya a bakin get ɗinsa sai ka ɗaga kai kafin ka ga ƙarshen bututun hayaƙi. Tanderu uku ne ke ci ba dare ba rana, ma'aikata sun doshi ɗari tara, ga motocin ɗaukar ma'aikata, ga asibitinmu na ciki. Amma wallahi a rumfar kwano ya fara, a bayan wani garejin gyaran motoci, da mutum bakwai da tanderu ɗaya mai yoyon zafi ta ko'ina. Mai shi, wanda kowa ke ce wa Maigida, da can tsofaffin kwalabe yake saye yana wankewa yana sayarwa. Ya gaji da wankin na wasu, ya sayo wani tsohon inji da aka yar, ya ce shi ma zai yi nasa. 'Yan'uwansa suka yi ta masa dariya har suka gaji.

Baba na cikin bakwai ɗin nan. Shi ne mai mazubi. Mazubi shi ne gidan ƙarfen da narkakken gilashi ke faɗawa ciki, iska ta hura shi ya ɗauki siffar kwalba. Duk abin da ke jikin mazubi sai ya fito a jikin kwalba, ko da ƙarcen farce ne. A wancan lokacin da hannu Baba yake gyara su, da magagari da guduma da wata ƙusa mai kauri da ya wasa wa baki, wadda yake buga lamba da ita.

Aikin farko mai tsoka da suka samu na wani mai haɗa maganin tari ne, kuma kwana biyar kacal ya ba su. Baba yana durƙushe a kan ƙasan mazubin, ya saita ƙusa, ya ɗaga guduma, sai ga maƙwabcinmu ya faɗo rumfar yana haki.

"Kai, mai ɗakinka ta sauka!"

Guduma kuwa ta riga ta baro sama. Ƙusa ta zame, ta lotsa ƙarfen a inda ba a ce ta taɓa ba. Baba bai ma duba ba, ya watsar da kayan ya fita ko takalmi babu. Sauran suka ɗauka ya gama, suka ɗaura mazubin a inji. Kafin ya dawo washegari, kwalba dubu uku sun fito, kowace da ɗan ƙullutu a ƙasanta.

Inna ta ce da ya gani sai da ya zauna a ƙasa. Ya naɗe kayan aikinsa a tsumma, ya ɗauki kwalba ɗaya ya tafi gaban Maigida, ya ce, "Ranka ya daɗe, na ɓata maka aiki. Ba sai ka kore ni ba, zan tafi da ƙafata."

Maigida ya karɓi kwalbar, ya ɗaga ta a rana, ya ajiye ta a kan tebur ya ga ta zauna daram. Ya cika ta da ruwa, ba ta yoyo. Sannan ya ce, "Me aka samu?"

"Mace."

"Lafiya lau?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe."

"To kai da aka yi wa haihuwa jiya, yau kake neman zaman gida? Wannan ai tawadar Allah ce. Mutum ma da ita ake haihuwarsa, ka taɓa jin an ce a mayar da shi? Kwance tsummanka ka koma bakin aiki."

Ɗan ƙullutun nan tun daga ranar sunansa tawada. Jaririyar da ta jawo shi ma sunan ya bi ta. Ni ce. An raɗa min suna mai daɗi kamar kowa, amma yau in ka je kamfani ka tambaye ni da shi, mai gadi zai ce babu mai wannan sunan a nan. Ka ce Tawada, har ofishina zai raka ka.

Bayan shekara guda, mai maganin tarin nan ya zo da buhu a bayan mota, ransa a ɓace. Ashe wuri biyu yake sayen kwalba, mu da wani kamfani babba. Kwalabe sun yi ta tsagewa in an zuba musu magani da ɗumi, kuma da yake mu ne 'yan rumfar kwano, bai ko yi shakka ba ya ce namu ne. Ya zazzage fasassun a gaban Maigida, ya ce daga yau an gama. Maigida bai yi musu ba. Ya ce wa mutanensa su durƙusa su tsince duk ƙasan kwalbar da ke cikin tarin. Mutum bakwai suka durƙusa, har da shi. Sun tsinci fiye da ɗari biyu, suka jera su a kan benci, ko ɗaya babu mai tawada. Mutumin ya shafa, ya sake shafawa, ya cire hularsa ya mayar. Kafin ya bar wurin ya ba su aikinsa gaba ɗaya, kuma shi ya yi ta kai labarinsu wajen masu lemo da masu man girki.

Daga nan Maigida ya ce duk mazubin da zai hau inji sai Baba ya buga masa tawada da gangan.

Ni tare na girma da kamfanin, kamar tagwaye. Ina aji uku a firamare aka kunna tanderu na biyu, Baba ya dawo gida gashin girarsa a ƙone yana dariya. Ina sakandare aka bar rumfar aka koma babban fili. Shekarar da aka fara kai kwalabenmu wasu ƙasashe, ita ce shekarar da Maigida ya kira Baba ya ce, "Yarinyar nan tamu, a bar ta ta yi karatu iya son ranta, ni na ɗauka." Na yi kuwa. Da na gama na dawo na zauna a gaban fitila ina duba kwalabe suna wucewa a kan bel, ina tsame mai tsaga da mai kumfa da mai karkataccen baki. Shekara ashirin ke nan, yanzu ni ce shugabar sashen dubawa. Rufin gidanmu, karatuna, aikin idon Inna da aka yi sau biyu ko da bai yi nasara ba, duk daga cikin tanderun nan suka fito. Ba na jin kunyar faɗa, ina son wurin nan, kuma ina gode wa Allah da mutanensa.

Baba kuwa shekara arba'in da biyu yana buga tawada. Ko bayan ya yi ritaya, in sababbin mazubai sun iso sai a turo mota. Ya sa rigarsa mai kyau, ya ɗauki tsummansa, Inna ta bi shi da tsiya: "Ango, sai ina? Mutum ya yi kuskure sau ɗaya ya mai da shi sana'a!" Shi kuma ya ce, "Kuskuren ne ke ciyar da ke, sai ki riƙa gaishe shi." Zuwansa na ƙarshe ya buga wa duk waɗanda ke sito, masu yawa, har aka riƙa tsokanarsa ko tafiya zai yi. Wata huɗu bayan haka ya rasu. Maigida ya riga shi da shekara ɗaya, Allah ya jiƙansu duka.

Inna ba ta taɓa wuce get ɗin kamfani ba. A zamanin rumfa takan kai masa abinci ta tsaya daga waje, wai zafin wurin na sa ta jiri. Da ciwon suga ya cinye mata ido, hotonsa da ke bango ya zama ba shi da amfani a wurinta. Sai ta koma ga kwalba. Takan ce, "Mutumin nan duk kantin da ka shiga a garin nan yana ciki." Da safe in ta shafa ta ji shi, ta gaishe shi, wani lokaci har ta ba shi labarin jikokinsa, sannan ta sha maganinta.

To, bara ne aka buɗe sabon layin injuna. 'Yar Maigida ce ke riƙe da kamfanin yanzu, muna ce mata Shugaba. Ta girme ni da shekara biyu, kuma tare muka yi wasa a cikin tarin yashin da ake narkawa, amma a ofis ban taɓa barin bakina ya manta matsayinta ba. Ta kawo wani injiniya, mutum mai natsuwa, mai auna komai sau uku, wanda ko shayi zai sha sai ka ga kamar zai gwada zafinsa da na'ura. Shi ya aika da zanen kwalabenmu waje, aka yanko sababbin mazubai guda arba'in da inji, suna sheƙi. Aka kafa na'ura mai kyamara da ke duba kwalba ɗari uku a minti ɗaya. Kwalaben farko suka fito, na ɗaga su a fitila ɗaya bayan ɗaya, ban ga tsaga ba, ban ga kumfa ba. Na ce kai, ban taɓa ganin aiki mai tsabta haka ba. Na sa hannu da birona, har da ɗan lanƙwasa a ƙarshe don jin daɗi.

Wata huɗu bayan nan, ranar wata Laraba da yamma, na biya kemis na sayo wa Inna maganin tarinta. Na same ta a tsakar gida a kan tabarma, ta miƙe ƙafafu. Na ba ta kwalbar na shiga ɗauko cokali. Da na fito na tarar tana ta juya ta, yatsanta na zagaye ƙasan, ya je ya dawo.

"Tawada, kin canja kemis ne?"

"A'a, Inna, wurin da muka saba ne."

"To sun ba ki ta wasu. Wannan ba tamu ba ce."

"Haba Inna, tamu ce mana. Kawo ki gani."

Na karɓa ina dariya. Ga harufan kamfaninmu a gefe, ga lambar sabon layi. Na kai yatsa ƙasan. Sumul, kamar bayan cokali. Na sake shafawa, na fita da ita inda haske ya fi, na karkata ta. Babu komai.

"Tamu ce?" in ji Inna.

Na so in yi mata ƙarya, wallahi na so. Amma matar da ta haife ka ba ta buƙatar ido kafin ta kama ka. Na ce, "Tamu ce, Inna. Sabon inji ne."

Sai ta ce, "To. Ya tafi ke nan." Ta buɗe baki na ba ta maganin, ta haɗiye, ta ce Allah ya yi min albarka. Da ta yi faɗa da ya fi min sauƙi. Washegari da safe na miƙa mata kwalbar, ba ta ko karɓa ba, ta ce in zuba kawai. Na kawo mata tsohuwar kwalbar mai daga kicin don ta shafa, ta ture hannuna a hankali, ta ce, "Bar shi, 'yar nan. Wannan ta jiya ce, in ta fashe shi ke nan." Ranar ba ta ba kowa labarin jikoki ba, abincinta ma rabi ta ci.

Abin da ya fi ci min rai, ni ce na sa hannu. Ni, mai sunan abin! Shekara ashirin an koya min neman abin da bai kamata ya kasance a jikin kwalba ba, ban taɓa tunanin in nemi abin da ya kamata ya kasance ba. Makauniya ta gani, ni mai ido biyu da tabarau da fitila ban gani ba.

Ina isa kamfani ban ko ajiye jaka ba na wuce ofishin Injiniya. Ina da baki, na sani, Baba ma yakan ce da bakina tanderu ne da ba sai an sayi gas ba. Na dangwara masa kwalbar a kan tebur.

"Wa ya ce ka cire tawada?"

Ya ɗago ya gyara tabarau. "Wace tawada kuma, ranki ya daɗe?"

"Kada ka raina min hankali! Ka zo jiya jiya, ka share aikin shekara arba'in da biyu, ko ka tambayi mutane?"

Bawan Allah ya bari na gama zazzagawa, sannan ya buɗe kwamfutarsa ya juyo min da ita. Ya nuna min zanen kwalbar maganin, da na lemo, da na mai, har da tsofaffin da aka yi a takarda tun zamanin rumfa. Ya ce, "Duba da kanki. Duk abin da ke cikin zane na aika, ban rage ko ɗigo ba. Ina take?"

Na duba. Babu ita a ko ɗaya. Ashe tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa zana ta. Me za a zana? Kowa ya san mazubi in ya zo, Baba zai zo da ƙusarsa. A hannunsa take, ba a takarda ba, kuma da ya tafi ba wanda ya tuna, tunda ya bar sito cike. Na ce masa ya yi haƙuri, a daƙile dai, don ba na iya ba da haƙuri da kyau.

Muka tafi wurin Shugaba tare. Na gaya mata komai, har maganar Inna. Ta ɗauko wata tsohuwar kwalba mai kauri da ke kan teburinta, cikin dubu ukun farko ce, babanta ya bar mata. Ta shafa ƙasanta, ta shafa sabuwar, ta rufe ido.

"Ni ma na ɗauka tana cikin zane," in ji ta. "Kullum kwalbar nan na gabana, ban taɓa tambaya ba. Injiniya, me za a yi?"

"Abu mai sauƙi ne, ranki ya daɗe. Yau zan sa ta a zane. Mazuban da za a yanko nan gaba duk za su zo da ita."

"Yaushe ke nan?" in ji Shugaba.

"Waɗannan sababbi ne. Shekara uku, ko huɗu."

Na ce, "Ranki ya daɗe, Inna ta haura tamanin, ga suga, ga tari. Rai na hannun Allah, amma ni ban ga shekara uku a jikinta ba." Na matso kusa da teburin, na ƙara da cewa, "A ba ni izini in buga da hannu, kamar yadda Baba yake yi."

Injiniya ya miƙe tsaye kamar an tsikare shi. "Da guduma? A kan waɗannan? Wannan ƙarfen ba irin na da ba ne, in aka buga ba daidai ba zai iya tsagewa, kuma waɗanda suka yi shi ba za su karɓa ba in sun ga an taɓa. Mazubi ɗaya ya lalace, layin maganin zai tsaya mako shida."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma na ƙara jin haushinsa. Shugaba ta dube shi, ta dube ni, ta daɗe tana juya tsohuwar kwalbar. Sannan ta ce, "Babana ya taɓa tsayawa a gaban kwalba dubu uku da aka ce sun lalace, a lokacin ba shi da komai sai su. Ni ina da mazubi arba'in, ɗaya ake roƙona." Ta juya wurin Injiniya. "Ba zan tilasta maka ba, aikinka ne. Amma ka je ka duba min ko akwai hanya."

Kwana uku ban ji daga gare shi ba. Na riga na yanke cewa ya share zancen, har na fara shirya kalaman da zan gaya masa a taron Litinin. Ran na huɗu sai ga shi a ƙofar ofishina, hannunsa duk baƙin mai. Ashe tsofaffin mazuban Baba ya kwaso daga sito, ya auna tawadar guda talatin, zurfinta da faɗinta da nisanta daga tsakiya. Ya samo guntun ƙarfe irin na sababbin ya yi ta gwaji a kai.

"Mahaifinki," in ji shi, "guda talatin na auna, bambancinsu bai kai kaurin gashi ba. Da hannu! Ni ban san yadda ya yi ba." Ya share goshi ya ƙara shafa wa kansa baƙi. "Akwai wuri ɗaya da ƙarfen zai ɗauka, in an ɗumama shi. Bugu ɗaya tak. Ƙusar tana nan?"

Tana nan. Tana cikin tsummanta a ƙarƙashin gadon Inna.

Ranar Asabar da hantsi Shugaba ta turo mota, wadda dai ake turo wa Baba. Na ce wa Inna ta shirya za mu fita. Ta ce ina? Na ce kamfani. Ta ce ita da ba ta shiga ba tana da ido, yanzu me za ta je yi? Amma ta sa mayafinta mai kyau, ta rungume tsumman a ƙirji, ba ta yarda na riƙe mata ba. A get mai gadi ya durƙusa ya gaishe ta. Tsofaffin ma'aikata suka fito daga sassansu suna "Sannu Inna, sannu matar Mai Mazubi," tana amsawa tana tambayar kowa ɗan wane ne. Da muka wuce kusa da tanderu ta tsaya, zafin ya bugi fuskarta, ta ce, "Ashe wannan ne warin da rigarsa take yi."

A ɗakin gyara an ɗaure ƙasan mazubin kwalbar magani a kan benci, Injiniya ya yi ɗan ɗigo da jan alli. Inna ta kwance tsumman da kanta ta miƙo min guduma. Na kama ƙusar da hagu, sai bakinta ya yi ta zamewa daga kan allin. Na gwada sau biyu na kasa. Ni da nake cika baki!

Injiniya ya yi ajiyar zuciya, ya nannaɗe hannun riga. "Kawo in riƙe miki. Ke dai ki buga." Ya saita ƙusar da yatsunsa biyu, ya kawar da kai gefe. "Ranki ya daɗe, yatsun nan da su nake cin abinci. In kina da sauran fushi da ni, ki bari sai Litinin."

Kowa ya yi dariya, har Inna. A cikin dariyar na yi bisimilla na sauke gudumar.

Ƙarar ba ta da yawa. Injiniya ya duba yatsunsa tukuna, sannan ya ɗauko gilashin ƙara girma ya duƙa a kan ƙarfen. Ya daɗe. Ya ɗago ya ce, "Bai tsage ba." Shugaba ta sauke numfashi, ni kuwa na nemi kujera.

Aka ɗaura mazubin a inji. Kwalba kuwa ba ta fitowa a taɓa ta nan take. Ja take fitowa kamar garwashi, sai ta bi ta cikin dogon ɗakin hucewa a hankali, fiye da awa ɗaya, in ba haka ba ta fashe. Muka zauna a ƙarshen bel muna jira. Aka kawo wa Inna shayi, Shugaba ta zauna kusa da ita a kan benci tana ba ta labarin yadda ni da ita muka taɓa cika wa Baba takalmi da yashi. Injiniya yana can yana koya wa na'urarsa mai kyamara cewa ɗan ƙullutun nan ba aibi ba ne, don kada ta tunkuɗe kwalaben gefe.

Da ta farko ta iso na ɗauke ta da ɗuminta, na sa wa Inna a hannu. Ta juya kwalbar. Yatsanta ya zagaya, ya tsaya. Ya wuce, ya dawo, ya sake tsayawa. Na zuba wa bakinta ido ina jiran in ji "Sannu da zuwa, Malam."

Ba ta faɗa ba. Ta ce, "Wannan ba hannunsa ba ne."

Injiniya ya buɗe baki zai kawo lissafinsa, Shugaba ta ɗaga masa hannu.

"Nasa ya fi tudu," in ji Inna, tana ta shafawa. "Shi ba ya tsoron ƙarfe. Wannan mai bugun ta ji tsoro, ta ɗan janye hannu a ƙarshe." Ta lalubo fuskata da ɗaya hannun, ta same ta jiƙe, ta goge min da gefen mayafinta. "Haka kike tun kina ƙarama, ga baki ga tsoro. Ranar da ya buga ta farko ke ce kika sa hannunsa ya zame, yau kuma ga naki."

Ta rungume kwalbar a ƙirji tare da tsumman, ta sunkuyar da kai kusa da ita, ta yi magana ƙasa ƙasa yadda take yi da safe.

"Malam, ka ji 'yarka ta karɓe ka. Ka huta."

Sannan ta ɗago ta juya inda take jin numfashin Injiniya. "Kai ɗan nan mai yatsu, Allah ya yi maka albarka, kai da uwar ɗakinka. Saura nawa?"

"Talatin da tara, Inna."

"To ku tashi mana, zaman me kuke yi? Ke kuma Tawada, wannan karon ki sake hannunki."